Dulcie Mai Tsintar Talibambam

A bakin kakana na fara jin sunan Dulcie Marwick, kuma ba da alheri ya ambace shi ba. Ina da shekara tara a lokacin. Ranar Lahadi ce, mun dawo daga coci an zauna cin miyar kifi, sai baffana ya ce ya ga matar nan mai bokiti a gindin gada. Dida, haka muke kiran kakan namu Stipe Marinovich, ya ajiye cokali.

"Kada a ƙara kawo min sunan Dulcie Marwick ina cin abinci," in ji shi. "Matar da ta jera min mushe a ƙofar gida."

Kakata ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ai mushenka ne, Stipe. Kayanka ta mayar maka."

Kowa ya yi dariya ban da shi.

Ina rubuta wannan ne saboda garinmu Tallarup ya kafa ƙaton allo a bakin hanya, yana shaida wa duniya cewa duk gaɓar tekun nan babu garin da ya kai shi ƙaunar karnuka. Wannan garin ne kuma ya raba Dulcie da karenta tana da shekara saba'in da takwas. Na ga abin da idona, kuma har yau bai daina ci min rai ba.

Muna da doguwar gada ta katako da ta miƙe cikin teku, a kanta maza ke tsayawa suna fatsa. Abin da suka fi tsana shi ne talibambam, kifin nan mai kumbura ciki. Ba a cin sa, ga shi da cinye abin da aka maƙala a ƙugiya. Tun zamanin iyayen Dida, in mutum ya jawo talibambam ba ya mayar da shi ruwa. Wurgar da shi yake yi a kan katako ko a yashi ya mutu can, wai horo ne, wai an rage mugun iri. Kifin kuwa dafi ne da shi, kuma ko ya bushe ya zama kamar tsohon takalmi dafin yana nan. Kare ya ji ƙarni ya haɗiye, kafin a kai shi wurin likitan dabbobi ƙafafunsa sun saki.

Haka karen Dulcie na farko ya mutu, wata karya mai suna Peg. A mota ta cika, kanta a kan cinyar Dulcie. Washegari da sassafe Dulcie ta fito da bokiti da awartakin juya nama a kan wuta, ta bi gada da yashin da ke ƙarƙashinta tana tsince kifayen. Shekara talatin da ɗaya tana yin haka. Ba wanda ya sa ta.

A gonar alkama aka haife ta, can ciki inda ba a ganin teku. Ta zo Tallarup tana da shekara ashirin da biyu tare da mijinta Col, wanda ke aiki a jirgin masunta. Ba su haihu ba. Col ya rasu da wuri, ita kuma ta yi shekara ashirin da shida tana wanki da guga a asibiti, har yatsunta suka lanƙwashe. Tana zaune a filin nan na bayan tudun yashi, inda ake ajiye ɗakuna masu taya. Nata ɗakin ya daɗe da mance tafiya, tayoyin sun nutse a ƙasa, ta shuka tumatir a kewaye.

Ban yi magana da ita ba sai da na kai shekara goma sha tara. Dida ya rasu, kakata ta bi shi, aka miƙa min gwangwanin biskit ɗin da hotunan gidanmu da wasiƙu ke ciki, don ni ce mai yawan tambayar waye wannan, wace shekara ce wannan. Na gama sakandare, ina aiki a kemis, na sayi littafi ina rubuta labaran gidan kafin masu ba da su su ƙare. Labarin mushen ƙofar gida ɓangare ɗaya kawai na sani, sai na tafi jin ɗayan.

Na same ta tana wanke bokiti a famfo. Ta ƙare min kallo.

"Jikar Stipe ce wannan. Hancin ya riga ki gaisuwa."

"Renae sunana, Anti Dulcie."

"Shigo, Renae. Ba nan ba, wannan kujerar Bosun ce. Ke ɗauki ta baƙi, mai ƙafa uku da rabi."

Bosun jan kare ne irin na makiyaya, kunnensa ɗaya ba ya ji, bakinsa ya fara furfura. Ya hau kujerarsa ya zuba min ido kamar shi zai yi min tambayoyin.

Ta dafa shayi mai kauri ta ba ni labarin. Ta roƙi Dida sau uku ya riƙa mayar da kifin ruwa. A na ukun ya ce mata mace ba za ta koya masa teku ba, balle 'yar gonar alkama.

"Sai na ce to, bari in koya masa ƙasa. Na tsinci goma sha huɗu a inda yake tsayawa, na jera masa su a kan matakala, manya a sama, ƙanana a ƙasa, kamar hoton iyali. Kakarki ce ta buɗe ƙofa. Ta dube su, ta dube ni, ta ce, 'Kin sha shayi?'"

"Ya daina?"

"Ya daina. Amma ya mutu bai gaishe ni ba. Mutumin kirki ne kakanki, kansa ne kawai dutse."

Daga nan na riƙa leƙa ta ranar da ba ni da aiki. A wurinta na koyi abin da ke sa gari ya yi wa kare daɗi. Cewa take yi mutane sama suke kallo, kare kuwa ƙasa. "In kina son ki san gari, sunkuya." Takan ɗora bayan hannunta a kan kwalta da rana, in ba ta iya jurewa ba, to duk wanda ta gani yana jan kare a kai sai ya ji ta. Ta san duk inda inuwa ke faɗawa ƙarfe biyu. Ta san famfon da ke fitar da ruwan zafi saboda bututunsa a rana yake. Baƙo ko ɗan gari, bakinta ɗaya ne.

"Malam, cire takalminka ka taka nan. A'a? To shi da wane takalmin ya zo?"

Wasu su yi dariya, wasu su ce tsohuwar ta fiye shisshigi. Amma a duk tsawon shekarun nan ban taɓa jin karen da talibambam ya kashe a Tallarup ba, kuma ba wanda ya tsaya ya tambayi dalili.

Sai hukumar gari ta gano cewa masu zuwa hutu sun fi son wurin da za su je da karnukansu. Nan da nan aka shiga gyara. Aka kafa akwatunan leda na kwashe kashin kare a kowace kwana. Masu shagunan kofi suka fara ajiye kwanon ruwa a ƙofa da biskit mai siffar ƙashi. Wannan duk ba laifi, ni ma na ji daɗinsa. Inda suka tafka kuskure shi ne filin sakin karnuka. A da can arewa yake, bayan tudun yashi, nesa da masu fatsa. Suka ce ya yi nisa da shaguna da wurin ajiye motoci, baƙi ba za su taka ba. Suka dawo da shi daidai gindin gada. Wato inda ake jefar da guba, nan aka ce a kwance wa kare igiya.

An yi taron jin ra'ayin jama'a, na raka ta. Kansila Darrell Pym ne ke jagoranta, mutum mai yawan murmushi, yana da wani farin kare da ake kai wa aski duk wata. Kowa minti uku aka ba shi. Dulcie ta tashi da ƙunshin jarida a hannu, ta warware a kan teburinsu. Busasshen talibambam ne, haƙoransa a waje.

"Wa ya san wannan a cikinku?"

Pym ya ja kujerarsa baya. "Misis Marwick, a daure a ɗauke mana wannan daga kan tebur."

"Kai da kake da hankali ba ka son sa a gabanka, Darrell. Karenka kuwa zai ce alawa ce."

Jama'a suka tuntsire da dariya. Pym ya ce sun gode da wannan shawara mai muhimmanci, za a sa allon gargaɗi in an ga da buƙata.

"Kare ba ya karatu," in ji ta.

"Lokacinki ya cika, Misis Marwick."

Aka yi yadda suka so. Ita kuwa sai ta mayar da zagayenta sau biyu, safe da yamma, da gwiwoyin da sai ta dafa ƙarfen gada take miƙewa. Shekarar da ta biyo baya aka ba Tallarup lambar yabo ta garin da ya fi dacewa da karnuka. Aka buga takardar talla mai sheƙi. A bangonta akwai hoton wata tsohuwa daga baya, tana tafe a yashi da jan kare, rana na fitowa. Dulcie ce da Bosun. An goge bokitin daga hannunta, sai hannun ya zama a lanƙwashe yana riƙe da iska. Kura da shan bugu, gardi da karɓar yabo. Da na nuna mata, dariya ta yi.

"Sun rage min ƙugu ma. Bar su."

Ni ban yi dariya ba, kuma da na san abin da ke tafe da na fi haka ɓacin rai.

Lambar yabon ce ta jawo wani kamfani ya sayi filin da ɗakinta yake. Za su gina ƙananan gidajen hutu, kowanne da ɗan shinge da famfon wanke ƙafar kare. Tallarsu cewa take yi, zo da iyalinka duka, har da mai ƙafa huɗu. Mazauna filin su goma sha ɗaya aka ba su wata shida su tashi. Masu 'ya'ya suka koma wurin 'ya'yansu. Dulcie ba ta da kowa. Gidajen haya na garin kuwa kusan duk an mayar da su masaukin baƙi. Wuri ɗaya ya rage, gidan tsofaffi da ke bayan filin ƙwallo. Akwai ɗaki, mai tsabta, da ƙarfen dafawa a banɗaki. Ba a shiga da dabba.

Na ce ta dawo gidanmu, mahaifiyata ta yarda.

"Ni a gidan Stipe? So kike ya taso daga kabari?" Sai ta sassauta murya. "Matakalarku goma sha bakwai ce, 'yar nan, na san su. Kuma ban yi shekara ashirin da shida ina wanke zanen gadon mutane ba don in ƙare uwarki na wanke nawa."

Na je wurin manajar gidan tsofaffin, wata mai taushin murya. Na ce kare ne tsoho, ba ya haushi, rabin yininsa barci ne. Ta ce ta fahimta ƙwarai, ita ma tana da karnuka biyu a gida. Amma an shimfiɗa sabon kafet, kuma wani tsohon zai iya tuntuɓe, kuma in aka yi wa mutum ɗaya sai kowa ya nema.

"Amma kada ki damu," in ji ta, fuskarta a sake. "Duk ranar Alhamis ana kawo mana kare mai ziyara, yana da ɗan ƙyalle rawaya a wuya. Tsofaffinmu suna shafa shi. Yana rage musu kaɗaici sosai."

Sun san kare na rage kaɗaici, har sun ware masa rana. Za su karɓe wa mace nata na shekara goma sha biyu, su ara mata na wani na minti goma.

Na je wurin Pym. Ya ce abin ya taɓa masa zuciya, amma fili na kamfani ne, gidan tsofaffi kuma ba a ƙarƙashin hukuma yake ba. Na rubuta wa kamfanin na ce su bar mata kusurwa ɗaya, ɗakinta bai kai garejin mota ba. Suka aiko mata da kwandon kyauta, har da biskit ɗin kare a ciki. Na zagaya da takardar sa hannu. Masu karnuka da yawa sun sa, har da tsofaffin abokan Dida na kan gada, wanda ɗayansu ya ce, "Ta zage ni ya fi sau ɗari, kawo in sa." Masu shagunan kofi kuwa, waɗanda kwanon ruwa ke ƙofarsu, uku ne kawai suka bari na ajiye takardar a kan kanta. Sauran suka ce ba sa shiga siyasa. Gidajen hutun nan ciniki za su kawo musu, kowa ya sani.

Na kai takardar ofishin hukuma, aka buga mata hatimi, aka ce za a duba. Wata shida suka cika ba a duba ba.

Ni na ɗauki Bosun. Makonni biyu na farko kullum da asuba sai ya tsaya a bakin ƙofa yana jiran a fita zagaye, in na buɗe sai ya nufi tsohon filin, inda motar rusau ta riga ta baje tumatirin. Daga baya ya daina.

Daga gidan tsofaffin zuwa gada tafiya ce mai nisa ga mai irin gwiwarta, saboda haka zagayen ya tsaya. Sati uku bayan tashinta, a tsakiyar Janairu, watan da zafi ya fi tsanani a wurinmu, wasu baƙi suka saki 'yar farar karyarsu a gindin gada kamar yadda allo ya ba su izini. A kemis ɗinmu wata mata daga cikinsu ta faɗo da ita a hannu tana tambayar ina likitan dabbobi yake. Talibambam karyar ta haɗiya, ta mutu kafin a kai ta. Sati na gaba hukuma ta kafa allon gargaɗi mai hoton kifi, an zana shi da idanu manya kamar abin wasan yara. Ba wanda ya ambaci sunan Dulcie, ba wanda ya ce filin zai koma arewa. Yana nan a gindin gada har yau. Ina zagayawa da leda wasu ranakun kafin in tafi aiki, amma ba zan yi ƙarya ba, ba kullum ba ne. Wasu masu fatsar sun fara mayar da kifin ruwa. Baƙi daga cikinsu kuwa ba su san ma akwai magana ba.

Wata goma sha huɗu ta yi a gidan. Tagarta wurin ajiye motoci take kallo. Ranar Alhamis in an kawo karen ziyara, rufe ƙofarta take yi, ma'aikatan suka rubuta cewa ba ta son dabbobi. Ina zuwa duk Lahadi da kifi da dankali soyayye, ta ci kaɗan, ta tambaye ni ko Bosun yana cin abinci, ko na duba masa kaska, ko har yanzu yana sace safa. Ta rasu a watan Maris, da rana, a kan kujera.

Akwai abin da mutane ke riƙe da ni a kansa, har da mahaifiyata. Dokar gidan ba ta hana a kawo kare lambu a gaisa ba, amma ban taɓa kai mata Bosun ba, ko sau ɗaya. Sau biyu ita da kanta ta kira ni a waya, ta ce in zo da shi ko na minti biyar ne. Na ce mata to, na je ni kaɗai. Ta dubi bayana, ta ga ba kowa, ta gyaɗa kai, muka yi hirar wani abu. Mahaifiyata ta ce zuciyata irin ta Dida ce. Ban taɓa ba ta amsa ba, don maganar tsakanina da Dulcie ce, amma tunda na ɗauki alƙalami bari in faɗa.

Ranar da na je ɗaukar Bosun, ta riga ta haɗa kayansa a kwali: kwano, bargo, maganin kaska, da wata tsohuwar rigarta. Ta sa shi a mota da hannunta, ta rufe ƙofa, ta juya masa baya don kada ya ga fuskarta. Sai ta kama hannuna da yatsun nan nata masu lanƙwasa.

"Renae, abu ɗaya zan roƙe ki. Kada ki kawo min shi. Zan kira ki, na san kaina, zan yi miki kuka in ce ki kawo shi. Kada ki saurare ni. In ya gan ni zai ɗauka gida za mu koma, sannan ki sake jan sa zuwa mota. Ni na san dalili, shi bai sani ba. Sau ɗaya ya isa a bar shi."